Rhissa da Rijiyar Kan Tudu

Rhissa bai zo ƙasar Dakoro da ƙafarsa ba. A ɗaure aka kawo shi bayan raƙumi, zamanin da ayarin Azbin ke saukowa da gishiri, a musanya mutum da damman gero. Mainassara, mai garke da gonaki a bakin kwarin Tarka, shi ya saye shi. Da ya ga faɗin kafaɗarsa, sai ya sa shi haƙar rijiya da yasarta, aikin kuwa ya karɓe shi.

Bakinsa ne ya ja masa. Wata rana da rani ana shayar da shanu a rijiyar kwari, ya ce a garinsu, can duwatsun Bagzam, sai mutum ya hau dutse yake samun idon ruwa. Makiyayan da ba su san ruwan rani ba sai a ƙarshen doguwar igiya suka yi dariya har da riƙe ciki. Kafin la'asar magana ta kai kunnen maigida, ya sa aka kira shi gaban baƙinsa.

"Kai Buzu, an ce min a garinku ruwa hawa shikai?"

"Ranka shi daɗe, ba da ƙahwa shika hawa ba," in ji Rhissa. "Rana ka shan shi daga tabkuna, shi zama hadari, iska ta koro shi, kan dutsi shi tare shi, a yi ruwa can bisa. Dutsi bai shanyewa, ɓoyewa shikai cikin tsaga, shi riƙa tsiyayowa. Nan kuwa rairai ne, sai shi wuce ƙasa."

"Ban tambaye ka karatu ba. Ga tudun gidana nan. Ran da ka hiddo min ruwa bisanshi, kai ɗa ne, ba bawa ba, ka tahi garinku."

Mainassara wasa yake yi, don baƙi su yi nishaɗi. Rhissa ya fi kowa sanin mai hankali ba ya haƙa a kan tudu. Amma an ce masa ɗa a gaban shaidu, kuma kewar gida ta daɗe tana cinsa. Washegari ya ɗauki dagi.

Ba a rage masa aikin kwari ba, sai ya gama yake hawowa. Ya haƙa, ya cika ƙwarya, bayin gidan su ja sama in sun ga dama. Itacen da yake tokare bango da shi, a ka yake ɗaukowa daga daji. Wata damina rairayi ya rufto masa, ya karya masa ƙugu, ƙashin ya haɗe a karkace. Can ƙasa numfashi ma da ƙyar yake samuwa. Maigida kuwa ya sami abin nuna wa baƙi, ya kan leƙa ramin ya yi kira, "Ya hawo?" a kwashe da dariya. Da wannan dariyar ya tsufa, ya mutu, ɗansa Badaru ya gaji garke da bayi da ramin.

Ranar da dagi ya fito da jiƙaƙƙiyar laka, kan Rhissa ya riga ya yi fari fat, idonsa ya dushe, ƙafa ɗaya jan ta yake. Ruwa ya taru, mai sanyi, mai daɗi. Masu dariya suka zo da tuluna, ba wanda ya ji kunya.

Badaru bai yi jinkiri ba, abin har ya ba mutane mamaki. Ya tara liman da dattawa ya ce, "Alkawalin Baba ne, ni ba ni tada shi. Daga yau Rhissa ɗa ne." Rhissa ya durƙusa ya yi kuka, kukan murna na gaskiya. Bai tuna cewa a shekarar gero bai yi ba, rumbunan gidan sun yi ƙasa.

Da aka fito da tuwon bayi, babu akushinsa. Uwale mai dahuwa ta kau da kai ta ce, "Maigida ya ce ɗa bai cin tuwon bayi. Ka yi haƙuri, Baba Rhissa."

Ya ja ƙafa har zangon ayarin da zai koma arewa. Madugu ya dubi ƙugun, ya dubi idon, ya ce raƙumansa kaya suke ɗauka. Allah wadaran irin wannan cika alkawari.

Sai ya dawo kan tudu, ya zauna nesa da kwamin da ake zuba wa shanu ruwa. Ka'idar rijiya kowa ya san ta: dabbobin mai ita su fara sha, sannan na baƙinsa, wanda ba na gida ba ya jira ƙarshe, ko ya zo da gugansa. Rhissa ba shi da guga. Ko da yana da shi, zurfin da ya haƙa ya kai inda duk yankin babu igiyar da ke taɓa ruwan sai ta gidan Badaru. Rana ta take tsaka, shanu na ta shigowa, ya miƙa wa bawan da ke jan igiya hannu biyu. Bawan ya ce ya bari a tambayi maigida.