Akoli Masanin Zanzaro

Akoli mai garka ne a Gougaram, kuma duk yankin babu wanda ya kai shi sanin zanzaro. Yakan tsuguna ya kalli yadda macen ke harbin gizo-gizo ta sumar da shi, ta ja shi rami, ta saka masa ƙwai, ɗanta ya ci shi da ransa. Iri goma sha huɗu ya tara a kwalabe, wasu ma sai ka rantse tururuwa ce.

A 2007 wata mai bincike ta zo daga Yamai, ta duba su.

"Baba, biyun nan ban taɓa ganinsu a littafi ba," in ji ta. "Zan dawo da damina, mu rubuta su da sunanka."

Tawaye ya ɓarke, aka binne nakiyoyi a hanya, ba ta dawo ba. Wani sabon kamfanin uraniyom ya kewaye filin da garkar Akoli take da waya, har da rijiyarsa.

Akoli ya koma Arlit yana gadin ƙofa. Ran da ya soma yi wa direbobi bayanin zanzaro, ɗaya ya katse shi: "Tsoho, buɗe mana mu wuce." Ya tashi ya buɗe.