Fuskar Kaka da Farin Bango

Kwanakin baya ana gyaran masallacin unguwarmu, sai na gifta ta gefen wani bokiti da aka jiƙa farar ƙasa a ciki. Warin nan nata mai ɗan yaji a hanci ya tsayar da ni cak. Kafin in ankara na koma gidanmu na Gwaram, ina ɗan firamare, a shekarun da aka yanke mana Jigawa daga Kano. Ba zan rantse maka a kan shekarar ba. Abin da na tabbata shi ne bazara ce, bayan ƙaramar salla, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa, maniyyata kuma suna ta shirin tafiya.

Kakata ta wajen uba tana da yaya mace guda ɗaya. Tun Kaka tana budurwa yayar ta bi mijinta aikin hajji ta ƙasa, suka zauna a Makka, ba su sake dawowa ba. A hajjin da ya gabata wani alhaji ya kawo mana kaset daga wajenta. Muka kewaye rikoda a tsakar gida, wata murya mai rawa ta gaishe da mutanen da yawancinsu sun daɗe da rasuwa. Daga ƙarshe ta ce, "Ƙanwata, idona ya fara hazo. Ki aiko mini da fuskarki in gani tun ina iya gani."

Kaka ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Maƙwabcinmu direban bas kuma ya biya kujera a shekarar, ya ce shi zai kai hoton. Sai Baba, wanda hatsi yake sayarwa, ya aika Birnin Kudu a kira mai hoto, wani saurayi da ke zuwa garinmu a babur ranar kasuwa.

Ka ga murna! Mu yara ko abinci ba ma tsayawa mu ci sosai. Baba ya ce hoton da za shi Makka ba za a ɗauke shi a jikin jan bango kamar gidan da ba kowa ba. Aka sayo farar ƙasa, aka shafe bangon tsakar gida tas, har in rana ta faɗa masa sai ka runtse ido. Inna ta wanke fararen kayanmu na salla, aka saka musu bula, aka goge. Ita Kaka aka naɗa mata sabon farin mayafi. A ganinmu fari shi ne mutunci, kuma hasken rana, in ya yi yawa, ai hoto ne zai fi fitowa. Shi ya sa Baba ya ce a jira sai ta take tsaka.

Ina tuna yadda mai hoton ya tsaya da ya shigo. Ya dubi bangon, ya dubi sama, ya dubi Kaka, wadda baƙa ce wuluk, kyakkyawa, mai tsagar gado a kumatu. Ya buɗe baki kamar zai yi magana.

"Yaya ka ga bangon?" in ji Baba, yana murmushi. "Saboda kai aka yi shi."

"Ya yi kyau, Alhaji. Madalla," in ji shi, ya sunkuyar da kai.

Muka jeru, Kaka a tsakiya bisa kujera, gumi na zuba, kowa ya ƙame kamar soja. Ƙyas! Shi ke nan.

A lokacin ba a wanke hoto mai launi a kusa da mu, sai an kai Kano, kuma ba a kai fim sai ya cika. Muka yi ta jira. Duk babur ɗin da ya yi ƙara a ƙofar gida sai mu zuba a guje. Ranar da ya zo da gaske, har maƙwabta suka shigo. Aka miƙa wa Kaka, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sake matso da shi.

"Wannan tukunyar da aka yi wa lulluɓi fa, ta wace ce?"

Gida ya kece da dariya. Bango ya fito, kaya sun fito fes, har ana ganin karin guga. Amma a inda fuskokinmu suke, sai baƙaƙen dunƙule, nata ya fi na kowa. Ba ido, ba hanci, balle tsaga. Dariyar ba ta daɗe ba, don Kaka ta ajiye hoton a cinya, ba ta taya mu ba. Maƙwabcinmu kuwa an riga an ce musu su shirya shiga sansanin alhazai a Kano.

Ita ce ta kira mai hoton, wanda ya laɓe a bakin zaure.

"Zo nan, mijina. Ka san haka za ta faru?"

"Na yi zato, Kaka."

"To, me ya ɗinke maka baki?"

"Alhaji ya sha wahalar bangon. Kuma ni yaro ne, yaya zan ce wa manya su tashi daga inda suka zauna?"

"Kunyarka ta cinye mini fuska," in ji ta. "Yanzu ni na ba ka girman. Faɗi."

Ba ni da ilimin hoto, abin da na karanta a jami'a daban ne, don haka ka yi mini uzuri in na karkace. Abin da na riƙe daga bayaninsa shi ne, kyamara kamar idon wanda ya fito daga ɗaki ne: in fari ya yi mata yawa sai ta tsuke, in ta tsuke kuma duk abin da yake baƙi ya nutse. Ranar tsaka kuma daga sama take dukan mutum, ta cika ramin ido da inuwa. Ya ce fuska tudu da kwari ce, ba ta fitowa sai haske ya zo mata ta gefe. Baba ya yi ta gyaɗa kai, ya ce, "Ashe ni da kai muka haɗu muka yi ɓarnar. To, a gyara."

Washegari da hantsi ya dawo. Ya zagaya gidan yana leƙe-leƙe, har ya tsaya a ƙofar ɗakin Kaka, inda farar ƙasa ba ta kai ba. Jan bango ne, da shatin yatsun masu yaɓe a jiki. Ya ce a nan. Sannan ya roƙi ta cire farin mayafin. Nan aka ɗan ja.

"In je wa yayata da tsohon zane, ta ce 'ya'yana sun yar da ni?"

"Kaka, zanen take so ta gani ko ke?"

Ta harare shi, ta shiga ɗaki, ta fito da wani saƙi da ya sha rini, mai shuɗi mai duhu. Ya zaunar da ita a bakin ƙofa, a inuwa, ya juya ta kaɗan yadda hasken tsakar gida zai shafi kumatunta ɗaya. Ya sa goggona ta riƙe babban farantin silba daga ɗaya gefen, tana karkata shi har wani haske mai laushi ya hau ɗaya kumatun. Ni da nake kallonta kullum, ran nan na fara ganinta. Jan bangon ya sa fatarta ta yi ɗumi, shuɗin ya tsaya tsit bai yi gasa da ita ba, kowane layi na tsagar ya tashi da 'yar inuwarsa. Muka yi ta ihu, "Kaka ta yi kyau! Kaka amarya!" Ta buɗe baki za ta zage mu, dariya ta ƙwace mata. A nan ya danna.

Saura cika fim. Bai tsaya jiran masu biki ba. Ya ɗauki akuyarmu, ya ɗauki Inna tana tankaɗe, ya ɗauke mu muna tsalle daga kan turmi, har ya ƙare. Ya hau babur zuwa Birnin Kudu, daga nan ya shiga motar Kano. A bakin sansani ya damƙa wa maƙwabcinmu hoton. Wato hoton ya tafi Makka mu ba mu gan shi ba. Namu kwafin sai daga baya ya iso, muka yi ta karɓe-karɓe. Kaka ta dube shi ta ce, "Ni dai na gane ni. Saura ita."

Damina ta sauka kafin alhazai su dawo. Maƙwabcinmu, tun bai gama karɓar barka ba, ya shigo ya durƙusa gaban Kaka. Ya ce ya samu tsohuwar, kuma da gangan bai gaya mata hoton wa ya kawo ba. Ta fita da shi bakin ƙofa, ta bi layukan kumatun da yatsa a hankali. Sai ta ce, "Askar gidanmu ce. Kuma ji ta, har yanzu da gefen baki take dariya, 'yar nema!" Ta rungume hoton tana kuka. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska, goggona ta rangaɗa guɗa.

Yanzu kowa da kyamara a aljihu, hoto yana isa Makka kafin ka sauke hannu. Ban ce wannan ba alheri ba ne, wataƙila ma da a lokacin ne da sun ga juna suna magana. Abin da ke ɗan damuna shi ne wayoyin sun koyi yi wa mutum gyaran da bai nema ba, su haska fata, su goge tamoji. Da sallar bana 'yata ta ɗauki Baba hoto, wanda yanzu shi ne tsohon gidan, ta miƙa masa wayar tana jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mata.

"Yaron nan kyakkyawa ne," ya ce. "Ɗan gidan wa ne?"