Kowane Gida da Rarar Yaro Ɗaya

Ni ɗan mahauci ne. Ubana ya ƙare rayuwarsa yana fawa a babbar kasuwar Garwa, kuma har ya koma ga Allah bai gane aikin da nake yi ba. In aka tambaye shi sai ya ce, "Yana zaune a inuwa yana danna abu." Bai yi ƙarya ba. Aikina shi ne in karɓi amsoshin da masu zagaya gidaje suka tattaro, in zuba su cikin kwamfuta, in rubuta mata umarni layi-layi, ita kuma ta tace, ta haɗa, ta fitar da lissafi. In ta ga abin da bai yi mata ba sai ta yi ja. Na ga jan rubutu a rayuwata fiye da jinin da ubana ya gani a mayanka.

A shekarun da nake magana ina aiki a wani ƙaramin ofishi, biro kamar yadda muke cewa a nan, mai bin lafiyar mata da yara a ƙauyuka. Muna da masu zagaye bakwai. Shida samari ne 'yan birni, masu takalma masu tsini. Ta bakwai ita ce Goggo. Ba goggona ba ce ta jini, duk biro haka muke kiranta. Bafulatana ce, tsohuwar ungozoma, siririya har in ta tsaya a gefe sai ka neme ta ka rasa. Ta girme ni nesa, kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai Ɗan Fawa. Kullum ta dawo daga zagaye sai ta ajiye mini gorar folere, wato zoɓo, mai sanyi a kan tebur ta ce, "Sha, ko da yake ubanka ne ya ƙarar mana da garke."

"Goggo, saye ya yi."

"Su shanun an tambaye su?"

A wannan zagayen an raba musu ƙauyuka da rugage na wajen Tuboro. Tambayoyin suna cikin tablet. Akwai inda ake tambayar uwa 'ya'yanta nawa ne a raye, a rubuta adadin. Can gaba kuma akwai inda ake jera yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, kowane da shekarunsa da lambar uwarsa. Ni kuma, don in nuna cewa ba a banza aka tura ni lakwal, wato makarantar boko, ba, sai na rubuta wani ɗan umarni da zai ƙirga yaran da aka jera a ƙarƙashin kowace uwa ya gwada da adadin da ta faɗa da bakinta. In sun yi daidai a wuce. In sun saɓa a yi ja. Layi biyar ne kacal, amma na yi alfahari da su kamar ni na gina gadar Binuwai.

Na danna. Aikin samarin nan shida ya wuce sumul, fari fat. Da aka zo kan na Goggo sai allon ya koma kamar an yanka sa a kai.

Doka ta farko a sana'armu ita ce ka fara zargin kanka, don galibi kai ne mai laifin. Na zargi kaina kwana biyu. Na ce ko wurin haɗa jerin iyaye da na yara ne layuka suka ninku. Na duba, ba su ninku ba. Na ce ko lambar gida ɗaya ta faɗa wa ƙauye biyu. Na samu guda uku haka, na gyara, jan bai ragu ba. Na ce ko tablet ɗinta ta aiko da kaya sau biyu saboda rashin layin waya a daji. Ba haka ba ne. Na kashe kwamfutar na kunna, wanda shi ne rubutun sha na ma'aikata irinmu. Na shiga wani dandali na intanet inda masana ke taimakon juna, na rubuta matsalata da ladabi, wani bawan Allah daga wata ƙasa mai sanyi ya amsa mini da cewa an taɓa yin irin tambayar nan, ya rufe zancen. Duk wannan a watan zafin Garwa, lokacin da ƙadangare ke neman izinin shiga firji, wuta kuma tana zuwa ta gaishe mu ta koma.

A nan na yi kuskurena. Shef ɗinmu, wato shugaban biron, ya leƙo ya tambayi me ya riƙe rahoton, ni kuma, maimakon in ce ban gane ba tukuna, sai na juya masa allon. Mutumin kudu ne, mai kirki, mai son tsabta a komai, har alƙalumansa a jere suke bisa tsawo. Ya taɓa kama wani mai zagaye da ya zauna gindin mangwaro ya cika takardun ƙauye guda daga kansa, tun daga nan ba ya wasa da irin wannan. Ya daɗe yana kallon jan, sannan ya ce da Faransanci, "Uwa ta ce uku, ita ta rubuta huɗu. Uwa ta ce biyar, ta rubuta shida. Tana ƙirƙiro yara." Ya ce ranar Juma'a zai ba ta takardar sallama, kuma dole dalilin ya shiga cikin takardar.

Aikin ba shi ne babban abin ba. Matar nan rabin unguwarsu a hannunta aka haife su. A ce an kore ta saboda ƙarya, a rubuce, da hatimi, wannan ba abin da za ta iya fita da shi ƙofar gida ba ne. Kuma layukana biyar ne suka jawo.

Labari ba ya kwana a biro. Washegari da safe Goggo ta shigo, ta ajiye gorar folere kamar kullum, amma ba ta ambaci garke ba. Ta ɗan ɗage zaninta ta nuna mini tabon ƙuna a ƙwaurinta, inda salansar moto, wato babur, ta taɓa ta.

"An ce ban je ba. Wannan a ɗakina na samo shi?"

"Goggo, ba wanda ya ce ba ki je ba. Yaran ne suka yi yawa. Daga ina suka fito?"

"Daga cikin uwayensu, Ɗan Fawa. Ku a gidanku daga ina kuke fitowa?"

Ta juya ta fita. Na san ba za ta ƙara kalma ba. Irinsu ba sa tsayawa gaban na baya suna rantse-rantse, gara a kore su.

Na koma kan allon, wannan karon na daina neman laifin na'ura na fara kallon yaran su kansu. Abu na farko da na lura, rarar ba ta taɓa wuce ɗaya ba. Ba biyu, ba uku, kullum ɗaya. Mai ƙarya ba ya da irin wannan haƙurin. Na yi tunanin to ko tablet ɗin ce ke ƙara layi da kanta in aka kai wani wuri. Hanyar gane haka ita ce ka sa matsalar ta sake faruwa a gabanka. Sai na ɗauki tablet ɗin Goggo na tafi da ita cin abincin rana gidan mahaifiyata, don in gwada tambayoyin a kan mutum na gaske.

Na same ta a tsakar gida tana gyaran kuɓewa. Na zauna a kan tabarma, na gyara murya irin ta ma'aikata.

"Inna, gwamnati ce ta zo. 'Ya'yanki nawa a raye?"

"Gwamnatin da ta zo da yunwa. Biyar."

Na rubuta biyar. Na ce ta jero su. Ta fara da ƙanena mai bi mini, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har auta, tana ƙara wa kowa ɗan bayani, wannan mai zuciya ne, wannan ba ta kiran waya. Tablet ba ta ƙara komai ba. Biyar ta ce, biyar ta jera, fari fat. Har na fara jin haushin gwajin bai nuna komai ba, sai na tsaya da cokali a hannu.

Mu shida ne.

"Inna, ni fa?"

Ba ta ɗago ba. Ta tura mini kwanon miya da gefen hannu, ta zaɓo tsokar da ta fi girma ta jefa a gabana.

"Wannan mutum ya cika surutu. A ci abinci."

Ni ne ɗan farinta. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni ne "wannan mutum", ni ne "shi", in kuma na yi abin kirki ni ne "mai tumbin nan". A gidan kakata na tashi har na shiga lakwal. Kunyar ɗan fari ce, abin da na sani tun kafin in san hagu da dama, abin da nake rayuwa a cikinsa kowace rana. Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na zama wani baƙo da ya sauka daga jirgi jiya.

Ban gama tuwon ba, wanda duk wanda ya san ni zai gaya maka bai taɓa faruwa ba. Na hau moto na koma biro, na jera yaran Goggo bisa shekaru. A kowane gida mai ja, in ka cire babban yaro lissafi ya daidaita. Na sami Goggo zaune a baranda tana jan carbi.

"Goggo, 'yan fari ne."

Ta kalle ni kamar na zo mata da labarin cewa kogi ruwa ne a cikinsa.

"To da su waye?"

"Wa ke gaya miki, tunda uwar ba ta faɗa?"

"Kaka. Ko maƙwabciya. Wani lokaci ba sai an faɗa ba. Za ka ga yarinya ta kawo ruwa, kamarsu ɗaya, uwar ta kau da kai kamar ba ta gan ta ba. Sai in bi ta waje in tambaye ta."

"Me ya sa ba ki gyara adadin ba, ki mai da uku huɗu?"

"Tambayar ta ce abin da uwa ta faɗa. Uku ta ce. In sa mata magana a baki?"

Sai wani abu ya faɗo mini wanda ya fi jan muni. Na koma kan aikin samarin nan mai tsabta, na gwada shekarar auren kowace mace da shekarun yaron da ya zo farko a jerinta. A ƙauyukansu mata da yawa sun bayyana kamar sun yi aure sun zauna shekara da shekaru suna kallon rufin ɗaki kafin haihuwar farko. Samarin sun tambayi uwa, uwa ta tsallake na fari a adadi, ta tsallake shi a jeri, lissafi ya yi daidai, na'urata ta tafa musu. Yaran da ba a rubuta ba kuwa ba za su shiga shirin riga-kafi ba.

Ranar Alhamis na shiga wurin Shef da zane-zanena. Ya saurara, ya ce bayanin yana da daɗi, amma shi bai ga yadda uwa za ta manta ɗanta ba. Na ce ba mantuwa ba ce. Ya ce to mene ne. Na rasa Faransancin da zai ɗauki maganar, sai na ce ya biyo ni bakin ƙofa. Mai gadinmu dattijo ne, direbanmu kuma babban ɗansa ne, Shef da kansa ya je ɗaurin aurensa. Direban yana nan gefe yana wanke mota. Na ce Shef ya tambayi dattijon 'ya'yansa.

Dattijo ya miƙe tsaye, ya ƙirga a yatsu, ya ce huɗu, ya jero su. Shef ya nuna direban.

"Wancan fa?"

Dattijo ya kalli sama, ya kalli takalminsa, ya ce, "Ai wancan direba ne, Shef."

Direban ya ci gaba da goge gilashi yana murmushi.

Shef ya koma ofis. Na ga ya ɗauko takardar sallamar, ya ninke ta daidai gida huɗu, don ko yaga abu ba ya yi a hargitse, ya sa a kwandon shara. Sannan ya fito baranda ya tsaya gaban Goggo ya ba ta haƙuri da ɗan Fillancin da ya tsinta a kasuwa, wanda rabinsa sunayen kayan miya ne. Ta ce babu komai. Ya ce yana roƙonta ta koma da samarin ƙauyukansu a nemo waɗanda aka bari. Ta ce za ta je, amma da sharaɗi ɗaya, ta nuna ni da carbinta.

"Da Ɗan Fawa. Ya ga inda lambobinsa ke kwana."

Mako uku na yi a bayan moto a hanyoyin Tuboro. Na bar kashi ɗaya cikin uku na jikina a can, duk ramin da ke hanyar ya san ni da suna. A kowace ruga ita ce ke gaba, ta gaida uwa, a yi tambayoyi, sannan ta ja samarin zuwa bukkar kaka, inda ake samun sauran bayani tare da ƙwaryar nono. Ni aikina in zauna in rubuta. Tsofaffin suna son su ji wane ne wannan ƙaton da aka kawo, ita kuma sai ta ce musu ɗan fari ne, uwarsa ba ta ƙirga shi, a ƙara masa nono.

Da aka sabunta takardun aiki a ƙarshen shekara, tata ce ta fara fitowa, an ƙara mata da koyar da sababbin masu zagaye. Ta kawo mini ita in karanta mata don Faransancin ofis ya yi mata tsauri. Na karanta har ƙasa, ta sa na maimaita, sannan ta karɓa ta naɗe a bakin zani ta tafi sallar la'asar.