Mama Iveren, Mai Yanka Burodi da Sunan Kowa

Matan kasuwar doya ta Tse-Agbe suna cewa in ka ga Mama Iveren a ƙofar gidanka ranar Litinin, kada ka wahalar da bakinka da ƙarya, ta riga ta sani. Fastonmu ya ce ya yi aiki a ikilisiya huɗu, bai ga littafin sunaye da ya kai kanta ba. Mai kwalekwale kuwa cewa ya yi, "Tsohuwar nan tsoron ruwa take kamar akuya, amma ta fi ni sanin tsallake."

Shekara talatin da takwas ita ke shirya teburin Jibin Ubangiji, sau ɗaya a wata uku. Ranar Asabar da hantsi za ta wanke ƙananan kofuna ta kife a rana, ta goge farin ƙyalle, sannan ta zauna bayan coci da burodi da wuƙarta. Kowane gutsure ta yanka sai ta kira sunan mai shi, ta yi masa addu'a, ta ajiye a faranti. Ba ta ƙara ko ɗaya, na baƙi ma farantinsu daban. In an tashi sujada, abin da ya rage shi ke gaya mata mutum nawa ba su ci ba, idonta kuma ya san ko su wa ne. Litinin ta ɗaura zane ta bi su gida.

Wani dattijon ikilisiya ya taɓa ce mata, "Mama, burodi ai burodi ne. Yanka kawai mu tafi."

Ta ce, "Baba, Almasihu ya ce mu ci domin tunawa da shi. To yaya zan tuna da shi, in manta da wanda ya mutu dominsa?"

Wata damina gutsure bakwai suka dawo, duk na masuntan tsallaken kogi ne. Ta rufe ido ta shiga kwalekwale, ta je ta iske ruwa ya ci gidajensu. Ta koma mako na gaba da doya da ɗan wa'azi. Shekara uku tana wannan zirga-zirga, har aka fara sujada a gindin wata bishiya. Yau akwai coci mai rufin kwano a wurin, da yawan masu cin jibi a ciki ba su taɓa jin bishara ba kafin zuwanta.

Ke ce kaza mai ƙirga 'ya'yanta kafin rana ta faɗi, Mama. Na sani, domin ni ma an ƙirga da ni.

Ni da wana Gbenda mun yi rigima a kan iyakar gonar doya da mahaifinmu ya bari. Na rantse ba zan ƙara sa hannu a faranti ɗaya da shi ba. Litinin ta same ni a gindin mangwaro ina wasa fartanya.

Ta ce, "Orduen, naka ya dawo."

Na ce, "Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, me kika sani game da 'yan ciki ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Haka ne. Zan yanka naka in lokaci ya yi."

Shekara tara tana yanka nawa, yana dawowa, tana zuwa. Ba ta ƙara yi mini wa'azi ba, sai dai ta ce nawa ya dawo, ta wuce. Da Gbenda ya kwanta ciwo, ta zo ba ranar Litinin ba, ta ce, "Wannan karon na wanka Gbenda ma zai dawo, ba zai iya tafiya ba." Ni na goya shi zuwa coci. Muka ci daga faranti ɗaya, kuma shi ne jibinsa na ƙarshe. Bayan haka ita ta kai ni ajin karatun manya, ina da furfura. Na gode mata sau da yawa, amma maganar gindin mangwaro ban taɓa tayar da ita ba.

Yanzu idonta ya yi rauni, hannu yana rawa, ɗan ƙaninta zai tafi da ita Gboko. Mun gode, Mama Iveren. Ku kuma da za ku karɓi wuƙar nan, ko a wace ikilisiya kuke, ku leƙa farantin bayan sujada, ku nemi wanda nasa ya rage.

Lahadin da ta wuce ta shirya teburinta na ƙarshe. Bayan jibi fasto ya ce mai magana ya tashi. Na tashi, baki ya ƙi buɗuwa.

Ta ce, "Wane ne ya tsaya kamar turmi? Orduen ne? Yi magana, sakwara na hucewa."

Aka yi dariya. Na jira har coci ya yi tsit.

Na ce, "Mama, na taɓa ce miki ba ki haihu ba. Ga 'ya'yanki nan cike da coci, har da na tsallake, ni ne marar kunyar cikinsu. Na yi miki laifi. Ki yafe mini."