Laifin San Kellu

Kellu 'yar garin Waca ce, aure ya kai ta garin Yekuwa. Man gyaɗa take yi, kuma da ribarsa ta sayi ɗan maraƙi, ta yi kiwonsa har ya zama sa mai jan amalanke. Duk abin da ta mallaka a duniya ke nan. Shi ke ɗauko mata ruwa daga rijiya, shi ke kai ta kasuwa.

Mijinta Wada mutum ne mai fara'a a waje, amma a cikin gida hannunsa ya fi bakinsa sauri. Duk ranar da abin ya kai ga gidan likita, a kan amalanke suke shirya magana, shi yana faɗa, ita tana haddacewa: san ne ya tunkuye ta. Malamar likita takan tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ta tarar bakinsu ɗaya. Ban taɓa ganin dabbar da ta sha ƙazafi kamar wannan ba, sa mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya kora.

Labari ya kai Waca. Yayanta Barau ya zo ransa a ɓace, ya ce ba zai zuba ido dabba ta kashe masa ƙanwa ba, kasuwar Sassumbrum za shi da shi ya sayar. Wada har da taya shi ɗaure igiya.

Barau ya dube ta. "Ko ba shi ba ne, Kellu?"

Kalma ɗaya za ta ceci san. Amma ga miji tsaye, ga maƙwabta a bakin zaure, ga kunyar tonon asirin ɗaki.

"Shi ne, Yaya."

Ranar ta yi kukan da ba ta taɓa yi wa duka ba. Ta koma ɗaukar ruwa a ka.

Bayan kaka suka sake zuwa gidan likita, a ƙafa, ba su shirya magana a hanya ba. Wada ya shiga, bakinsa ya faɗi abin da ya saba. Da aka kira Kellu, malamar ta ce mai gidan ya ce san ne kuma.

Kellu ta dubi hannunta da ya kumbura.

"Malama, ba mu da sa."

Ta taga tana hango Wada a gindin bishiyar bedi, yana jiran su koma gida.