Gwangwanin Yaya

Mu uku muka baro garinmu: ni, da maigidana, da yayana wanda muke ciki ɗaya. Shekara biyu muka yi a hanya kafin mu ga Makka, da aka gama aikin hajji kuma zama ya kama mu. Ni da Malam, haka nake kiran maigidan, muka sami ɗaki a unguwar Tandabawi. Yaya ya hau dutsen Nakkasa ya kafa ɗan ɗakinsa na langa-langa, shi kaɗai, don matarsa ta rasu tun kafin mu baro gida. Duk faɗin ƙasar Larabawa ba ni da wani jini sai shi.

Sana'arsu ɗaya ce aka raba biyu. A wancan zamani alhazai a gwangwani suke tafiya da zamzam gida. Yaya ne ke ɗebo ruwan daga Harami, garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, Malam kuma ya zuba a gwangwanaye ya liƙe bakin da dalma. Rumfar ta wani Balarabe ce, kuma inuwarsa ce ta rufe su, don babu mai takardar zama a cikinsu. In askarawa suka tare Yaya a hanya, ya ambaci rumfar, sai su ce ya wuce. Kullum bayan la'asar kwano ɗaya suke sa hannu a ƙofar ɗakina, suna ci suna tsiya. Yaya yakan ce miyata ta fi ta uwarmu gishiri, ni kuwa in ce to ya koma can ya ci.

Kuma jam'iyyarsu ɗaya. Tun kafin a sami mulkin kai su biyun 'yan jam'iyyar manya ne, ta sarakuna, masu cewa a bar komai yadda aka gada. In alhazan garinmu suka zo, sai a zauna a yi ta zagin 'yan hamayya har shayi ya huce. Ni dai dariya suke ba ni. Mutum yana Makka, ba shi da ƙuri'a, ko takardar da za ta kai shi Jidda ba shi da ita, amma ka ji shi yana naɗa wakili yana tuɓewa!

Shekarar da za a yi babban zaɓe, alhazai suka zo mana da abin da ba mu saba ji ba. Wai jam'iyyar ta dare biyu a garinmu. Dattawa suna son a mayar da tsohon wakili, ɗan gidan hakimi. 'Yan kasuwa da samari kuwa sun ce sun gaji, wani malamin makaranta suke so. Kowane ɓangare ya aiko da wasiƙa, kuma roƙonsu iri ɗaya: a yi wa ɗan takararsu ɗawafi, a yi masa addu'a a jikin Ka'aba, a aiko masa da zamzam ya sha ya shafa kafin ranar. Wasiƙar dattawa hannun Malam ta zo, don uban Malam baran gidan hakimi ne. Ta samarin kuwa Yaya aka kawo wa, don malamin makarantar ɗan unguwarmu ne, a gaban ubansa Yaya ya yi karatun allo.

Kowa ya je ya yi ɗawafinsa, ba a ce komai ba. Rigimar a kan gwangwani ta tashi, kuma ina wurin, na kai musu fura rumfa. Malam ya liƙe na ɗan hakimi, ya goge shi har yana ƙyalli. Yaya ya cika wani, ya tura masa gabansa.

"Ga na malamin makaranta, a liƙe."

Malam bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, hannuna ba zai liƙe wa wanda ya raba kan jam'iyya ruwa ba."

"Ruwan naka ne? Ni na ɗebo shi, har da wanda ka liƙe wa ɗan hakimin naku."

"To kai shi wurin Bajawen can, mutumin ƙasar Jawa mai liƙin gwangwani a bakin kasuwa. Shi ba ruwansa."

Yaya ya ce ashe bara ko a Makka bara ne. Malam ya ce gara bara da butulu. Wallahi iyakar abin da aka faɗa ke nan. Yaya ya ɗauki gwangwaninsa da sandarsa da garewaninsa ya fita, ruwan yana ɗiga a rigarsa.

Ran nan bai zo cin abinci ba, washegari ma haka. Na ce harshe da haƙori ma sukan saɓa, na zuba tuwo a kwanonsa na hau dutsen nan da ƙafata, cikin ranar Makka mai narka ƙwaƙwalwa. Ya amsa gaisuwata, ya ce in ajiye. Da na koma ɗaukar kwano na tarar da tuwon yadda na kawo shi, ko murfin bai ɗaga ba. A wurinmu a mayar maka da kwano da abincinsa ya fi mari ciwo. Na haɗiye, na sake kaiwa. Na uku ma haka. To ni Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa ya sani.

Na ce, "Yaya, ni ce ɗan hakimin? Ni na ƙi liƙe maka gwangwani?"

Ya ce, "Auta, hatsin gidansa ne."

"Au, haka ne? To wallahi ƙafata ba za ta sake hawa dutsen nan da kwano ba, sai ran da ka sauko da kanka."

Na sauko ina kuka ina masifa, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko mutuwa aka yi. Rantsuwar nan ita ce kuskurena, kuma na riƙe ta kamar abin kirki. Kwanon nan ashe da shi nake sanin ko ya kwana lafiya. Da na daina kaiwa, sai labarinsa ya koma sai abin da na tsinta a bakin mutane: an gan shi wajen unguwar Kudai yana sayar da ruwan sha gida gida, ya rame, ba ya zuwa inda 'yan garinmu ke zama. Alhazai suka tafi, gari ya yi shiru. Malam ya sami wani mai ɗebo masa ruwa, amma ya daina cin abinci a waje. A ɗaka yake ci, da sauri, kamar wanda ake kora. Sau nawa na ɗauki mayafi in ajiye. Ina cewa shi ne babba, shi ya kamata ya neme ni.

Bayan wata biyar ko shida wasiƙa ta zo ta gidan waya. Malam ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya miƙo mini kamar na iya karatu. Wai manyan jam'iyya sun zo daga birni sun sasanta. Ɗan hakimi zai tsaya, malamin makaranta an ba shi kujera a majalisar En'e. An yanka sa, su biyun sun ci a akushi ɗaya a gaban jama'a, yanzu mota ɗaya suke shiga yawon neman ƙuri'a.

Na ce, "To, Malam, ka ji. Su sun ci tare. Ku fa?"

Sai ya ce in ɗora tukunya. Na yi miyar kuka, na cika mata gishiri da gangan. Rantsuwa kuwa na ce zan yi kaffara. Muka hau dutsen tare, shi a gaba, ni da kwano a ka.

Ƙofar a saye take, ba kwaɗo. Maƙwabcinsa, wani Babarbare, ya fito ya ce ai yau kwana goma sha biyu ke nan. Askarawa sun tare shi da garewani a kafaɗa, suka tambayi takarda, suka tambayi wa yake yi wa aiki. Ya ce ba kowa. An kai shi Jidda tare da sauran waɗanda aka kama, an zuba su a jirgin ruwa. Babarbaren ya ce shi bai san yana da 'yar'uwa a garin nan ba, don bai taɓa ganin kowa ya zo ba.

Na shiga ɗakin. Tabarma, buta, allonsa a jingine. A lungu kuma ga gwangwanin nan, an rufe bakinsa da farin ƙyalle an ɗaure da zare. Na kwance. Ruwan yana ciki, ya ɗan ragu. Bai kai wa Bajawen ba, bai kai wa kowa ba, alhazai sun tafi sun bar shi. Wata shida yana ajiye da shi.

Shekara da shekaru muna tambayar duk alhajin da ya zo daga garinmu, babu wanda ya ce ya gan shi. Jam'iyyar ma ba ta daɗe ba sojoji suka zo suka rushe ta, da ita da 'yan hamayyar duka.

Amma a ranar, Malam ne ya ɗauko gwangwanin, ya rungume shi har rumfa, ni ina biye da tuwon da ya huce. Ya hura gawayi, ya narka dalma, ya liƙe bakin a hankali, ya goge shi da hannun rigarsa. Sannan ya juyo ya ce da ni, "To, wa zan ba?"