Ƙauyukan da Muka Ƙera da Baba

Damanar da na koma Filinge jinyar mahaifina, da aikina na tafi a jaka. Ma'aikatarmu a Yamai tana karɓar awon ruwan sama da manoma ke turowa ta waya. Shirin ordinatar, wato kwamfuta, da muka rubuta yana rarraba saƙonnin ga injuna da dama, kowane ya lissafa rabonsa, a haɗa a ƙarshe. To, injunan suna Yamai, rezon sadarwa kuwa a unguwarmu sai ya ga dama.

Na kira wadda ta koya mini aikin, da nake ce wa Yaya, na yi mata kuka.

"Mi za ka yi da injunan gaske?" in ji ta. "Ƙera na ƙarya cikin ordinatarka. Ka ɗauki shirin guntu-guntu, ka ba kowane guntu abin da ka riga ka san amsarsa, ka ga ko zai faɗi daidai."

Haka na yi. Na rubuta ɗan mataimakin shiri, da na kira shi sai ya haifo ƙauye sukutum, da ma'auninsa da ruwansa. Na yi wani mai kwaikwayon injin ajiya, ya karɓi saƙo ya ce ya ajiye, alhali ba inda ya kai shi.

A zaure nake zama da hantsi, Baba na kishingiɗe kan tabarma. Da na bayyana masa abin da nake yi, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Daga nan kullum sai ya tambaya, "Yau wane gari muke?" Wata rana har faɗa ya yi mini, wai na bar wani ƙauye da fari ya daɗe, in ji tsoron Allah in yi musu ruwa.

Shi ya ce in saka masa cikin ƙauyukan amininsa na Bonkuku, mutumin da ke ba ka labari yanzu, an jima ya sake ba ka shi. Don in faranta masa na ƙera manomi mai turo awo ɗaya sau biyu. Ina gwadawa sai gwajin ya faɗi. Ashe in saƙonnin suka faɗa injuna daban-daban, kowane ƙirga nasa yake, ruwan ƙauyen ya ninka.

Na sanar da Yaya. Ta ce, "Ka gaida mini Baba, ka ce mun ɗauke shi aiki." Ranar muka gyara. Shi kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin.

Da hatsi ya fidda kai, ya matsa sai na kai shi gona. Na goya shi a moto, a hankali cikin rairayi, yana riƙe da kafaɗata. Ya daɗe tsaye a bakin gonar yana murza zangarniya a tafinsa. Da rani ya rasu.